Idon Aina'u

Zakirai, ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Kaltume,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina lafiya tare da Alhaji Uwaisu da yara, da fatan sanyin ƙafar nan ya yi sauƙi. Allah Ya ƙara afuwa. Mu nan mun gama kaka, dawa ta yi kyau, wake ne dai tsutsa ta taɓa.

Yaya, abin da ya sa na sa aka rubuto miki ba mai daɗi ba ne. Kin san tun da ƙaninki, maigidana, ya yi ritaya likita ya ce ya riƙa tafiya saboda hawan jini, abokansa na birni suka ja shi wasan golf, wanda ake kora ƙaramar farar ƙwallo da sanda har rami, mai ƙarancin bugu shi ya ci. Kullum sai ya dawo ransa a ɓace, wai bugunsa ya fi na kowa yawa, kuma na bayansa suna ƙorafin yana ɓata musu lokaci. Mai koya masa ya ce in itace ya tare shi ya kewaye da gajeren bugu biyu, kada ya nemi tsallakewa. Shi kuwa kin san shi, gani yake kewaye ragwanci ne.

Da aka kwashe kara sai ya binne gwangwani a matsayin rami a gonar bayan gida yana koyon sauri. Na ce masa gonakinmu kafaɗa da kafaɗa suke, ba filin birni ba ne, ya ce in bar shi. Ranar Asabar na kai masa ruwa, a gabana ya ɗaga ƙwallon ta saman ɗorawar iyaka ba tare da ya leƙa ba. Aina'u matar Malam Basiru tana bayan itacen tana shiƙar wake. Ƙarar da ta yi har yau tana kunnena. An kai ta asibiti a Kano, sun ce idon hagu sai abin da Allah Ya yi.

Mutane sun ɗauka dutsen danƙon yara ne, shi kuma ya yi shiru, ya tura sandunan ƙarƙashin gado. Ya je dubiya, ya dawo ya kasa cin tuwo. Ranar Juma'a mai unguwa zai tara mu, an kuma ce an gan ni a gonar. Ƙanin naki ya roƙe ni in ce ban ga komai ba. Yaya, ban taɓa saɓa masa ba, amma tun muna allo aka karantar da mu hukuncin mai ɓoye shaida. Aina'u ce ta yi mini wankan jego. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in an tambaye ni zan faɗa, ko da zaman gidan nan zai gagare ni.

Ke kaɗai yake jin maganarki. Don Allah ki kira shi kafin Juma'a, ya je wa Malam Basiru da ƙafarsa. Gara a ji daga bakinsa.

Ki gaishe da Alhaji Uwaisu, da Zulaihatu da mai sunan Inna. A sa Aina'u a addu'a.

Taki ƙanwa,
Hamsatu