Layi na Huɗu a Rimot

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin koma lafiya, ya aiki, ya maigidan? Mamanki na gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi.

Allah ya yi miki albarka da aikin da kika yi mini a rimot ɗin ƙaramin jirgin saman nan nawa. Maɓalli ɗaya nake turawa yanzu: ƙofar tayoyi ta buɗe, bayan daƙiƙa biyu tayoyin su sauko, sannan belin fikafikai, wato gefensu na baya mai rage gudu, ya sunkuya a hankali cikin daƙiƙa huɗu. Da can ƙananan injinan da ke jan su fizga suke yi kamar an tsikare su, jirgin ya yi tsalle. Ranar Asabar sau uku na sauke shi, ko ƙura bai tayar ba. Har Tela, abokina da bai taɓa yabon kowa ba a filin nan da muke tashin jirage, sai da ya ce hannuna ya dawo. Ki gaya wa likitan nan naku, rawar hannu ba ta hana ni komai ba.

Babanki.

Auta,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, in ban da zuciyata.

Jiya da hantsi na zauna a teburin shago na ce bari in ƙara wa tayoyin daƙiƙa ɗaya, don suna ɗan gogar ƙofa. Na sa tabarau, na bi yadda kika nuna mini. Layin umarni uku kika nuna mini a gilashin rimot ɗin, Auta. Huɗu na gani. Na huɗun ya ce daƙiƙa shida bayan na tura maɓalli, a ɗauke ikon sandunan tuƙi daga hannuna a miƙa wa wani rimot.

Sai na tuna Tela, wata biyu ke nan yana tsayawa a bayana da rimot rataye a wuya, wai jirginsa na wajen gyara. Na je na same shi a kan keken ɗinki. Bai yi musu ba. Ya ce, “Ita ta roƙe ni, har da kuka. Tsoro take ji kada ya faɗo kan wani, su hana ka shiga filin.” Na tambaye shi su wa suka sani. Ya sunkuyar da kai ya ce kowa.

Sau goma sha ɗaya ke nan wajen sauka ina murza sanda a banza, ina cije leɓe, ina lanƙwasa jiki, dattawa suna tafa mini kamar jaririn da ya fara tatata. Ni na koya miki riƙe ƙarfen soda na liƙa wayoyi, ni na koya wa Tela tashi. Da kin zaunar da ni kin ce Baba, hannunka ya gaza, da na yi faɗa, na sani, amma da faɗan ya wuce. Wannan ban san ranar wucewarsa ba.

Kada ki kira ni. Ba na so in ji muryarki in yi laushi.

Babanki.

'Yata,

Da fatan kina lafiya. Wasiƙarki ta iso, na karanta sau biyu.

Na goge layin nan. Sauran ukun na bar su, aiki ne mai kyau, ba zan ƙi faɗa ba. Asabar na sa kowa ya koma bayan shinge, na ce Tela ya ajiye rimot ɗinsa a mota. Tashi lafiya lau. Wajen sauka babban yatsana ya kama rawa, jirgin ya daki ƙasa da hanci, taya ɗaya ta yi nata wuri, fiffiken hagu ya rabe biyu. Na tattara kayana ni kaɗai, Tela ya miƙo hannu na ce ya bari.

Gaskiyarki ce a kan hannun. Yau ko kofin shayi da hannu biyu na riƙe. Amma na so a ce a kan jirgina na gane haka wata biyu da suka wuce, ba a bakin mutane ba.

In za ki zo hutu ki taho da gam mai ƙarfi, ki riƙe mini fiffiken in liƙa. Daga nan mu zauna, ki faɗa mini abin da kike tsoro, ido da ido, ni kuma in yanke ko zan sake tashi.

Ki gaida maigidan.

Babanki.