Ɗakin Baƙo a Gidan da Na Saya

Zuwa ga mai girma Editan wannan mujalla da ke Manchester, da shugabannin ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Birtaniya, sa'annan zuwa ga Hajiya Hajar mai kula da wannan fili. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Bayan haka, ina roƙon a taimake ni da shawara cikin gaggawa, domin ina gab da aikata wani abu wanda in na aikata shi ba ya warwaruwa.

Da farko ina so a sani cewa wannan wasiƙa da hannuna na rubuta ta, babu wanda ya riƙe mini alƙalami. Bayan na ajiye aiki na shiga ajin manya na Malama Celestina, matar maƙwabcina, kuma ita da bakinta ta ce ba ta taɓa ganin dattijon da ya kama baƙaƙe da sauri kamata ba. Na faɗi haka ne domin a gane cewa mai maganar ba sakarai ba ne. Ni mahauci ne ɗan mahauci. Na daɗe ina fawa a wani shagon nama a kan Stratford Road a nan Birmingham, har na zama mai kaso a cikinsa, kuma duk Bahaushen da ya yi layya ko suna a Sparkbrook ya san hannuna. Tunda nake ban taɓa karɓar takarda a kan rago ba, ban kuma taɓa bayarwa ba. In na ce na sayar, to na sayar.

Da tsufa ya zo, sanyin ƙasar nan ya shiga gwiwoyina. Sai na yi sha'awar in ƙarasa kwanakina inda zan ji kiran salla daga kan titi, inda kuma in na cika za a kai ni makwancina a ranar, ba a ajiye ni a firji ana jiran izinin hukuma ba. Hanyar garinmu a gida ba ta biyuwa yanzu, 'yan'uwana kuma duk sun riga ni. Ana cikin haka Alhaji Sanda, mai gidan abinci a unguwar Rusholme ta Manchester, ya ba ni labarin wata ƙasar Musulmi a bakin teku, inda ya ce gida yana da araha, mutanenta kuma masu tsoron Allah ne. Na sakaya sunan ƙasar domin 'yata Widad ta ce kada in ja wa kaina ƙara.

Na sayar da kasona na shago, muka tafi tare da Alhaji Sanda da Malam Gimba, abokina na masallaci, da Gamaliel mijin Malama Celestina, wanda shi ma a lokacin yana tunanin saye. Na ga gidan, ya kwanta mini. Akwai rijiya a tsakar gida da itatuwan kwakwa, masallaci kuma ko da sanda mutum zai isa kafin a tayar da iƙama. A nan ne Alhaji Sanda ya sanar da ni cewa a dokar ƙasar baƙo ba ya mallakar fili da sunansa, amma wannan ba komai ba ne, kowa haka yake yi, ana sa sunan wani amintaccen ɗan gari. Ya kawo limamin unguwar, Malam Ubaidullah, dattijo mai farin gemu wanda in ka gan shi sai ka sunkuyar da kai.

Mun yi cinikin yadda iyayenmu suke yi. Mun taka iyakar gidan da ƙafa tun daga rijiya har bayan katanga, muka yi musafaha da mai sayarwa, aka shafa Fatiha, na raba goron da na taho da shi daga Birmingham, na kuma yanka rago da hannuna aka ci. Malam Ubaidullah ya dafa ƙirjinsa ya yi magana, Alhaji Sanda ya fassara mini cewa ya ce gidan nawa ne halak malak, sunansa aro ne kawai. Gamaliel ya ja ni gefe ya ce in nemi Malam ya rubuta wannan maganar ya sa hannu. Na ce masa, “Gamaliel, ku a cocinku haka kuke ce wa fasto ya rubuta muku ba zai ci amana ba?” Ya yi dariya ya ce wallahi nasu faston har rasit yake bayarwa. Aka bar maganar a nan. Shi daga baya ya fasa saye.

Da muka dawo na tura kuɗin gidan ta banki, sa'annan na tura kayanmu ta jirgin ruwa, har da gadonmu da tukwanen matata Murja. Na sanar a masallaci cewa zan tashi. Jama'a suka yi mini walimar ban kwana wadda ba a taɓa yi wa kowa irinta ba a Sparkbrook, har daga Manchester aka zo, aka ba ni alkyabba, aka yi jawabai a kaina.

To, Hajiya, ga inda maganar ta juya. Kwanakin baya aka ce Malam Ubaidullah ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya daina fita. Yana nan da rai, amma sai ido. Na kira babban ɗansa Zayd domin in yi jaje. Yaro ne mai ladabi, yana jin Turanci. Ya kunna mini hoton bidiyo ya zaga da ni gidan domin in ga suna kula da shi. Na ga an yi wa ƙofa sabon fenti. Na ga igiyar shanya a tsakar gida da kayan yara a kanta. Murja tana leƙe ta bayana, sai ta dafa kafaɗata ta ce, “Malam, waccan tukunyata ce a bakin rijiya.” Akwai kuma wani allo da aka kafa a jikin ƙofa. A da sai dai in wuce shi, amma yanzu na iya karatu, na bi shi baƙi bayan baƙi. Sunan zuri'arsu ne a jiki.

Ban nuna komai ba, domin ni ba mutum ne mai saurin magana ba. Na dai ce masa muna nan tafe. Ya yi murna ƙwarai, ya ce ni baƙon mahaifinsu ne, baƙon mahaifinsu kuma ubansu ne, sun ware mini ɗakin da ke kusa da zaure, duk lokacin da na zo in zauna iya son raina. Ya faɗi haka yana murmushi. Har yau in na rufe ido wannan murmushin nake gani.

Na kira Alhaji Sanda. Ya ce kada in damu, yara ne, maganin abin kawai in mayar wa council, wato hukumar gari, da flat ɗin da ta ba ni haya in tafi in tare, domin wanda yake cikin gida ba a fitar da shi. Ya ce in na kuskura na kawo lauya na ci mutuncin Malam yana kwance, garin duka zai juya mini baya. Na ce to ya raka ni. Ya ce kasuwa ta yi masa yawa. Na hau mota takanas har Rusholme, na zauna a gidan abincinsa, yaransa suka kawo mini shayi suka ce ya fita. Motarsa tana ƙofa.

Yanzu gidana ya rabu. Widad, wadda take aiki a asibiti a Edgbaston, ta ce, “Baba, in ka ba council makullin nan, shi ke nan fa, layin da za ka bi kafin su sake ba ka gida ya fi ƙarfin shekarunka.” Ban saba yara su yi mini irin wannan magana ba, amma ban tsawata mata ba. Murja tana da ciwon suga, likitanta na nan ya san ta, ta kuma daina zancen tafiyar gaba ɗaya. A ƙasa muke kwana a kan katifa, ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, wannan shirun nata kuwa ya fi mini faɗa ciwo. Na riga na gaya wa council ta waya cewa zan tashi, sun ce in zo ƙarshen wata in sa hannu. Idan na fasa, da wace fuska zan shiga masallacin da aka yi mini ban kwana? Idan kuma na tafi Malam ya cika, aka raba gado, ni da Murja ina za mu dosa?

Domin kada a ce na ƙaga, ga waɗanda aka yi cinikin a gabansu: Alhaji Sanda na Rusholme, da Malam Gimba na Sparkbrook, da Gamaliel maƙwabcina, da ladanin unguwar wanda na ji an ce ya rasu, da shi Malam Ubaidullah. Allah kuma shi ne mafificin shaida.

Naku mai biyayya,
Wani Dattijo a Sparkbrook

*

Baba, na gode da wasiƙarka, kuma barka da ƙoƙari, rubutu ya yi kyau. Na canza sunayen mutanen da ka ambata kafin a buga.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Kada ka sa hannu a ƙarshen watan nan. Ka sa Widad ta raka ka ofishin council, ku tabbatar maganar da ka yi ta waya ba a ɗauke ta a matsayin sanarwar tashi ba, ku ce kun fasa, a ba ku shaidar haka a rubuce. Gida biyu kake magana a kai, amma ɗaya ne kawai doka ta san ka da shi a yau, kuma shi ne ake ce maka ka saki.

Ban ga alamar Malam Ubaidullah ya yi niyyar cutarka ba. Mai yiwuwa ma 'ya'yansa ba su san komai ba, sun ga gida da sunan mahaifinsu, sun ga wani baƙo ya turo kaya, suka ɗauka alheri ne tsakanin dattawa. Amma kyakkyawar niyyarsu ba za ta tsare ka ba. Ranar da ta Allah ta kasance, masu rabon gado abin da ke rubuce za su duba, kuma a cikin magada da masu ba su shawara akwai mata da surukai da ba su taɓa jin sunanka ba. Kunyar da ta hana ka neman rubutu kunya ce ta mutunci, na fahimce ta, sai dai addininmu da kansa ya yi umarni a rubuta irin wannan mu'amala. Da ka nema, malami ne zai fi kowa gane dalili.

Akwai magana mai ɗaci da dole in faɗa. A wasu ƙasashe, sa sunan ɗan gari domin a kauce wa dokar mallakar fili shi kansa laifi ne, kotu kuma tana iya ƙin sauraron wanda ya yi hakan. Ban san ƙasar da kake nufi ba, don haka ba zan yanke hukunci ba, amma ka shirya zuciyarka: gidan nan yana iya tafiya. Shawarar a je a tare ba ta da tushe. Dattijo baƙo, marar takardar zama, wanda ba ya jin harshen gari, fitar da shi ba ya buƙatar ko ɗaga murya.

Ka nemi lauya mai lasisi a can, wanda ba ta hannun Alhaji Sanda ya zo ba, ya duba rajistar filaye ya ga sunan wa ke kai, ya kuma gaya maka ko doka ta yarda a ba baƙo hayar dogon zango. In ta yarda, wannan ce ƙofar da za ka nema. Malam Gimba da Gamaliel su je gaban lauya a nan Birmingham su ba da shaidarsu a rubuce tun suna da lafiya, ka ga ladani ya riga ya tafi. Widad ta nemo bayanin banki na kuɗin da ka tura. Shi ma Alhaji Sanda a nemi tasa shaidar, ka tafi da dattawa biyu daga masallaci, a tambaye shi a gabansu ko ya sami wani abu a cinikin. Ban ce ya ci amanarka ba. Amma shi kaɗai ne ya ji abin da Malam ya faɗa da harshensa, ku fassara kuka ji, kuma mutumin da yake tura ka inda shi ya ƙi raka ka ya kamata a ji dalilinsa.

Sa'annan ka je dubiya, da tikitin zuwa da dawowa, kai da Widad da tafinta naku. Ka sauka a masauki, kada ka kwana a ɗakin da suka ware maka, domin kwana a ciki amsa sunan baƙo ne. Ka gaida Malam, ka yi wa Zayd bayani cikin girmamawa, a gaban manyan unguwa. In likita ya tabbatar hankalin Malam yana nan, ko kansa kawai ya gyaɗa a gaban lauya da 'ya'yansa, alamar gidan naka ne, zai yi amfani. Wannan ba ya son jinkiri ko kaɗan.

Ko da komai ya daidaita, kafin ku ƙaura a bincika abin da zai sami fanshonka da maganin Inna Murja in kun bar ƙasar nan. Ka kuma zauna ka tambaye ta ra'ayinta. A wasiƙarka kowa ya faɗi abin da yake so, ban da ita.

Batun masallaci kuwa, za a yi magana, wani ma zai yi zolaya, sati biyu ya wuce. Ka tashi bayan sallar Juma'a ka faɗa musu abin da ya faru da bakinka. Ina da yaƙinin akwai wasu a sahun nan da aka riga aka nuna musu hoton wani gida a bakin teku, kuma daga mutum irinka ne kawai za su ji.

Ka saya wa Inna gado a makon nan, Baba, zaman bai ƙare ba tukuna. Allah ya ba Malam Ubaidullah lafiya, ya tsare maka haƙƙinka, ya sa ku ga bayan wannan al'amari cikin rufin asiri.

Hajiya Hajar