Hannun da Ya Dama Furar Iya

Tanti Sa'adatu, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sukuni. Ni tela ce a Dogon Dutsi, kakata Iya kuwa a Dumega take. Watan jiya aka yi sunan ɗan ƙanena a can. Ana saura kwana biyu amai da zawo suka kwantar da ni, amma ranar tafiya na tashi garau. Ban gaya wa kowa ba. Wa zai tsaya cikin taron suna yana bayanin zawo?

A gidanmu furar tsofaffi daban ake dama ta, da hannu, kuma Iya ce ke zaɓen mai damawa. Shekara da shekaru ina jiran ta zaɓe ni, sai rannan ta miƙo mini ƙwarya. Na ɗauraye hannu a kwanon da kowa ya tsoma nasa, ba sabulu, na dama da nonon da Maimunatu ke kawo mana daga ruga tun ban san kaina ba. Iya ta sha ta ce, "Yau na sha furar jikata."

Washegari tsofaffi biyar da suka sha duk suna kwance. Matasan da suka kamu daga baya, kwana biyu suka miƙe. Iya kuwa ta yi ta zubarwa, mu kuma da jahilcinmu muka rage mata ruwa, wai kar cikin ya ƙara gudu. Sai da bakinta ya bushe, ta daina gane mu, sannan aka ɗora ta a amalanke zuwa likita. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya sa mata sirom, ƙarin ruwa ta jijiya, ya ce ba kwalara ba ce, ya fi zaton wata ƙwayar cuta da ake kira noro, amma mun yi latti. Kwana uku ta cika.

Yanzu gari duk an ɗora wa Maimunatu laifi, wai nononta ne ya lalace. Ba mai saye. Da ta zo gaisuwa, Baffa Mahmuda, babban ɗan Iya, ko kallonta bai yi ba. Da idona na ga tana komawa ruga da ƙwarya cike, na ja bakina na yi shiru. In na faɗa, da wane ido zan dubi Baffa? In ban faɗa ba, wallahi ina jin kamar ni na kashe Iya, na kuma kashe wa baiwar Allah sana'a.

Jikar Iya, Dogon Dutsi

Amsa:

'Yata, Allah Ya jiƙan Iya. Ki daina cewa kin kashe ta. Ba ki san mutum kan ci gaba da yaɗa wannan cuta kwanaki bayan ya ji sauƙi ba, kuma ba wanda zai rantse daga hannunki ta fito. Abin da ya fi ƙarfin Iya ƙarewar ruwan jiki ne, wanda ke saurin kayar da tsoho. Duk mai tsoho a gida ya riƙe wannan: mai amai da zawo ƙara masa ruwa ake yi, kurɓi-kurɓi, da ruwan gishiri da sukari, a kai shi likita tun yana gane mutane. Wanda ya tashi daga ciwon kuwa kada ya taɓa abincin jama'a sai bayan kwana biyu aƙalla, kuma a riƙa wanke hannu da sabulu, ba cikin kwanon taro ba.

Na fahimci tsoronki. Baffa yana cikin zafin rashi, zai iya faɗa miki magana mai ciwo. Amma damun furar kuskure ne, shirun nan kuwa da saninki kike yin sa, kuma Maimunatu ce ke ɗauke da nauyinsa kullum safiya.

Kada ki bari a yi sadakar arba'in ba ki yi magana ba. Ki sami Baffa shi kaɗai, ki gaya masa yadda kika gaya mini. In kina so, ki roƙi majo ya ƙara masa bayani. Daga nan ki taka da ƙafarki har ruga ki nemi gafarar Maimunatu. Ranar sadakar, nononta za ki saya a gaban kowa, ki wanke hannu da sabulu, ki dama, ki fara sha.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sa Iya ta huta.