Ranar da Aka Kashe Na'ura Saboda Baƙi

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau, raina ne dai a ɓace.

Ka san aikina. Idan taurari biyu suka yi karo can nesa, sukan saki haske mai ƙarfi, sararin samaniya kuma ya ɗan girgiza. Girgizar nan muke saurare da na'urarmu. Shekara huɗu, ko tari ba na yi kusa da ita.

Ranar Talata hasken ya zo, daƙiƙa biyu kacal. Tauraron ɗan'adam ya gan shi, ya turo mana saƙo. Na ruga, na tarar da na'ura a kashe! Wai shugabanmu ne ya sa, don a goge daɓe da inji, manyan baƙi za su zo.

Da na yi magana sai ya ce, "Yi haƙuri, wani hasken zai zo." Wani! Sai ka ce motar haya.

Yaya, abin nan ya yi tafiyar shekara miliyan ɗari, ya iso ya same mu muna goge-goge. Ni kuwa saboda jiransa ban zo zaman makokin Baba ba.

Ka ce wa Inna ina cin abinci. Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarka