Kitson da Kika Yi wa Saratu

Zuwa ga Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a inda kike kwance. Shekara biyar ke nan rabona da Kano, ko jana'izarki ban samu ba. Saboda wasannin Olamfik ɗin nan an ƙuntata biza, wanda ya fita ba shi da tabbacin dawowa. Ana kai ki makwanci ina tashar jiragen ruwa ta Huangpu ina lodin kwantenar takalma.

Da ke zan fara, domin ke ma kina da laifi. Duk wayar da na buga miki sai ki ce da sauƙi. Da kin gaya mini gaskiyar ciwon, da na taho, ko da ba zan sake shigowa ƙasar nan ba.

Amma maganar Saratu ce ta sa na ɗauki biro. Kin tafi kin bar yarinya 'yar shekara bakwai, ubanta ya riga ki. Ranar sadakar uku, da aka zo maganar riƙonta, kowa ya sunkuyar da kai. Kawu Sale ya ce gidansa a cike yake, amma zai ajiye ta na ɗan lokaci. Na ce a turo mini ita. Wata uku muka yi muna bin takardu, sannan wani abokin kasuwancina ya rako ta nan birnin Guangzhou.

Ba ki san matata Maryam ba. 'Yar ƙasar nan ce, Musulma, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ta sayi gado, ta sayi riguna a kasuwar Shisanhang har sun fi ƙarfin akwati. Saratu ta zo ta kwanta a ƙasa. Da safe ta durƙusa za ta gaishe ta kamar yadda kika koya mata, Maryam ta ruga ta ɗaga ta, ta zaci faɗuwa ta yi. Yarinya ba ta kallon babba a ido, Maryam kuwa ta ɗauka ƙiyayya ce. Kalmar da Saratu ta fara kamawa a yarensu ita ce "meyo", wato babu. Yunwa? Meyo. Ciwo? Meyo. Halinki sak.

Ɗankwalinta kuwa ba ya barin kanta, ko wanka za ta yi.

Wata rana ina kasuwa, Maryam ta ji wari ta zare ɗankwalin. Kitso ya dunƙule ya zama tamkar igiya, ga ƙwarƙwata, ga ƙuraje suna ruwa. A wurinsu in zafi ya yi sai a rage wa yara mata gashi, ba wanda ke ɗaukarsa wani abu. Ta ɗauko almakashi. Ta yanke jela uku kafin yarinyar ta gane abin da ake yi. Maƙwabta ne suka kira ni saboda ihun. Na tarar da ita a ƙarƙashin gado ta rungume kanta.

Sai da ta kwana biyu ba ta ci abinci ba sannan ta faɗa mini. Ke kika yi mata shukun nan, ana jibi za a kai ki asibiti, kina jingine da bango domin ba ki iya zama.

Yaya, wata uku yarinyar nan tana gidan Kawu Sale. Mata huɗu ne manya a gidan. Ba wadda ta ce zo in ga kanki. Yanzu labari ya kai Kano, shi ne yake kirana yana faɗa, wai na ba wa baƙuwa marainiya tana aske ta, in dawo da ita cikin dangi. Wane dangi? Na san matarsa ta rasa mai ɗaukar mata tallan awara. Tun da na zo ƙasar nan bai taɓa kirana ba sai in yana son a saka masa kaya a kwantena kyauta.

Ba zan wanke Maryam ba. Ta yi kuskure, ya kamata ta jira ni, kuma na gaya mata da muryar da ban taɓa yi mata ba. Amma duk cikinmu, har da ni da nake kawunta, ita kaɗai ta ɗaga ɗankwalin nan.

Akwai Hajiya Rakiya, mutuniyar zangon Kumasi, mai dafa mana tuwo a wani bene kusa da kasuwa. Maryam ta je wurinta da kan roba irin wanda masu sayar da gashi ke jerawa, ta ce a koya mata kitso. Kullum sai ta je, har yatsunta suka kumbura. Ni kuma na zaunar da Saratu na tuna mata abin da kike cewa in kitsonta ya tsufa: "Zo nan, kai kamar na mahaukaciya." Ranar na fara jin dariyarta. Ta yarda Hajiya ta tsefe sauran da mai, a hankali, aka sa magani.

Jumma'ar da ta wuce, ba wanda ya kira ta, Saratu ta ɗauko mataji ta zauna tsakanin ƙafafun Maryam, ta ɗora kai a cinyarta. Kitson ya fito a karkace, sako-sako, da kin gani da kin kama baki. Saratu ta ƙi ɗaura ɗankwali sai da muka isa ƙofar masallaci.

Na gaya wa Kawu Sale ba za ta dawo ba. Ya ce in haka ne in cire sunana daga cikin danginsa. Na ce to.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki "da sauƙin" da kika riƙa yi mini. Ya raya Saratu a hannunmu, ya ba ni ikon sauke wannan amana.

Kayan ɗakinki an raba su tun kafin sadakar arba'in, ko cokali ba a ajiye wa yarinyar ba. Ga abin da na iya tsira da shi daga abin da kika bari: jelar kitso uku da na tsince kafin a share ɗaki, suna naɗe cikin farin ƙyalle, da 'ya ɗaya.

Ƙaninki,
Habibu