Ruwa Iya Ƙirji

Daren Laraba, cikin damina. Makera.

Baban Hauwa ya dawo daga Baga ɗazu, ba kwalin banda ko ɗaya, ga rigar wani a jikinsa. Tun da masaƙa ta sallame su yake wannan fataucin kifin, wai kafin farar hula su gyara ƙasa.

Jirginsu ne ya fashe a tafkin Chadi. Na ce, "Ba kai ka ce min ruwan iya ƙirji ne ba?"

Ya ce, "Abin da ya cuce mu ke nan. Da yake ba zurfi, kowa ya yi ta ƙara kaya har ruwa ya kusa bakin jirgi. Da iska ta taso, igiyoyin ruwan gajeru ne, suna dukanmu a jere ba hutu. Wata ta ɗaga mu ta maka da ƙasa, katako ya tsage."

Ya samu ya tsaya da ƙafarsa, sai laka ta riƙe shi har gwiwa. Masunta ne suka jawo shi da gora.

Wai jibi zai koma. Ban yi masa musu ba. Na wanke wandon tafiyar tasa, amma na bar shi cikin bokiti, ban shanya ba.