Addu'ar Rifkatu

Laraba da dare, Kambarawa

Tun watan jiya na tsara wa yaran haddar da za su riƙa kawowa kowane mako. Yau a sujadar iyali, bayan tuwo, autata Rifkatu ta fara Zabura ta ashirin da uku, ta maƙale a aya ta huɗu. Sau uku ina mayar da ita farko. Ga gajiyar ofis, sai na daka mata tsawa, har na ce 'ya'yan Malam maƙwabcinmu ba su kai ta ba, amma ji haddarsu.

Uwarta ta ce a hankali, “Maigida, shekararta bakwai fa.” Ban kula ba.

Rifkatu ce ke da addu'ar rufewa. Ta runtse ido, ta ce, “Ya Yesu, ka taimake ni in iya gobe, kada Baba ya daina sona.”

Kowa ya ce amin, ni na kasa.

Abin da na koya mata ke nan a wata guda? Da safe zan ba ta haƙuri a gaban yayyenta, tunda a gabansu na yi. Sai dai ban san yadda uba ke fara irin wannan magana ba.